Yadda G League ke gina ɗan ƙwallon kwando har NBA ta kira shi

Kowace shekara kulob-kulob 30 na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suna zaɓen sababbin 'yan wasa kusan 60 ne kacal, kuma yawancin waɗanda aka zaɓa ma ba su isa a saka su a fili nan take ba. G League ƙaramar gasa ce da NBA ta kafa a matsayin makaranta don cike wannan giɓin. An buɗe ta a 2001 da ƙungiyoyi 8 a kudu maso gabashin Amurka, aka kira ta D-League daga 2005, sannan ta koma G League a 2017 bayan yarjejeniya da kamfanin Gatorade. A kakar 2024-25 ƙungiyoyinta sun kai 31: kowane kulob na NBA yana da tasa ƙaramar ƙungiya, sai Capitanes ta birnin Meziko da ke zaman kanta.

Abin da ya kamata ɗan wasa, koci ko uban ɗan wasa ya fara fahimta shi ne, a nan ba a neman tauraro. Babban kulob yana da taurarinsa, yana biyansu miliyoyin daloli. Wanda ake nema daga ƙasa shi ne mutum na goma ko na goma sha biyu a benci, wanda zai shigo na minti 12, ya yi aiki ɗaya ko biyu da kyau, ya fita bai ɓata komai ba. Duk tsarin horon a kan haka aka gina shi.

Ka san ƙofar da ka shigo ta cikinta

Irin kwantiragin da ɗan wasa ke riƙe da shi ne ke nuna yawan kulawar da zai samu, don haka a fara da nan.

Mafi daraja shi ne wanda ke da cikakken kwantiragin NBA, babban kulob ya turo shi ƙasa don ya samu mintuna. Albashinsa na NBA na nan yana tafiya. Idan bai wuce shekara uku a NBA ba, kulob na iya turo shi ya kuma janye shi sau nawa ya ga dama. Tsohon hannu kuwa sai da yardarsa, kuma galibi don murmurewa daga rauni ne.

Na biye shi ne kwantiragin gida biyu, wanda aka ƙirƙiro a 2017. Kowane kulob yana da gurbi uku na irinsa tun 2023, bayan gurabe 15 na asali. Mai shi na iya shiga jerin 'yan wasan babban kulob har wasa 50 cikin 82, sauran lokacin yana ƙasa. Albashinsa rabin mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa ne, abin da ya haura dala 550,000 a shekara. Sharaɗi biyu ne a kai: sai wanda bai kai shekara huɗu a NBA ba, kuma ba zai buga wasannin fidda gwani na ƙarshen kaka ba sai an mai da kwantiragin cikakke.

Na uku shi ne Exhibit 10. Kulob ya gayyace ka sansanin horonsa na watan Oktoba, ya sallame ka kafin a fara kaka, ka wuce ƙaramar ƙungiyarsa. Idan ka cika kwana 60 a can, za a ba ka ƙarin kuɗi da ya kai har dala 75,000 a kakar 2023-24. Wannan ƙarin shi ne ke hana ƙwararru da yawa tafiya Turai ko Sin.

Sauran kuwa suna shigowa ne ta zaɓen G League na watan Oktoba, ko ta haƙƙin da ƙungiya ke riƙe da shi a kan tsofaffin 'yan wasanta, ko ta gwajin da kowace ƙungiya ke buɗe wa jama'a a garinta kafin kaka. A kakar 2023-24 albashinsu wajen dala 40,000 ne na kusan wata biyar, da masauki da inshorar lafiya. Jonathon Simmons dala 150 ya biya ya shiga gwajin Austin Toros, ƙaramar ƙungiyar San Antonio Spurs, a 2013, bayan shekara biyu Spurs ta ɗauke shi. David Nwaba, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ma ta gwaji ya shigo a 2016, a farkon 2017 yana sanye da rigar Lakers.

Akwai wata doka da mutane ke mantawa da ita. Ɗan wasa mai kwantiragin G League na yau da kullum da hukumar gasar ya sa hannu, ba da ƙungiyar ba. Ma'ana kowane ɗaya daga cikin kulob 30 na iya kiransa. Ko babban kulob ɗin da kake ƙarƙashinsa ba shi da gurbi a matsayinka, akwai wasu 29 da ke kallon bidiyonka.

Mataki na farko: a yanke shawarar aikin da zai yi a NBA

Kafin a taɓa ƙwallo, kocin ƙaramar ƙungiya da jami'an babban kulob suna zama su amsa tambaya ɗaya: in wannan yaron ya shiga NBA gobe, me za a sa shi ya yi? Amsar ba ta da yawa. Ko mai tsaron gefe da ke jefa mai maki uku idan aka bar shi. Ko dogon da ke tare kwando, ya kafa shinge (ya tsaya da jikinsa ya tare mai tsaron abokinsa), ya ruga ya karɓi ƙwallo ya zura. Ko mai raba ƙwallo na biyu da zai riƙe wasa minti goma ba tare da ya zubar ba. Ko gwanin jifa da ke yawo babu ƙwallo a hannunsa.

Daga amsar ne ake rubuta masa tsarin kansa, kuma kada burin ya wuce uku. "Ya inganta jifa" ba buri ba ne, domin ba a iya auna shi. Buri shi ne a ce ya riƙa jefa mai maki uku sau shida a kowane wasa, daga karɓa sai jifa babu buga ƙwallo a ƙasa, ya ci aƙalla 36 cikin 100. Ko a ce wa dogo kada ya wuce ƙeta huɗu a minti 30. Ana duba lambobin bayan kowane wasa goma. Wasa biyu ko uku ba sa nuna komai a jifa, hannu na iya yin zafi ko sanyi na mako guda.

Matsalar da ake fara cin karo da ita ita ce girman kai da ba laifin yaron ba ne. Kusan kowa a G League shi ne gwarzon jami'arsa, ya saba ƙwallo na hannunsa yana cin maki 20. Yanzu ana ce masa ya tsaya a kusurwa ya jira. Kocin da ya iya aikinsa ba ya tilasta masa da tsawa, yana nuna masa bidiyon waɗanda suka bi hanyar. Alex Caruso ya yi kaka guda a Oklahoma City Blue, ƙaramar ƙungiyar Oklahoma City Thunder, ya samu kwantiragin gida biyu a Lakers a 2017, kuma tsaro da sanin inda zai tsaya ne suka kai shi ga kofin 2020 da na 2025. Lu Dort babu wanda ya zaɓe shi a 2019. Kafin ƙarshen wannan kakar shi aka ɗora wa tsare James Harden, tauraron Houston na lokacin, a wasannin fidda gwani.

Mataki na biyu: harshe ɗaya da babban kulob

Ƙaramar ƙungiya mai amfani tana buga tsarin babban kulob sak: sunayen dabaru iri ɗaya, kalmomin da ake kira a tsaro iri ɗaya, yadda ake tunkarar shinge iri ɗaya. Dalilin a fili yake. Wanda aka kira sama ba shi da mako guda na koyo, wani lokaci da safe zai sauka daga jirgi da dare a saka shi. Idan koci ya kira dabara ya tsaya yana waige-waige, an gama da shi.

Labarin Toronto ya nuna muhimmancin wannan. A 2014 Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ke jagorantar kulob ɗin Toronto Raptors, ya zaɓi wani matashi ɗan Brazil, Bruno Caboclo. Kulob ɗin ba shi da ƙaramar ƙungiyar kansa, sai aka tura yaron Fort Wayne, ƙungiyar da kulob 13 ke tarayya a kanta. Ita cin wasa ne a gabanta, yaron ya ƙare a benci. A 2015 Toronto ta kafa Raptors 905 a Mississauga, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Daga nan ɗan wasa na iya yin atisaye da manya da safe ya buga wa ƙanana da dare. Pascal Siakam na Kamaru, wanda aka zaɓa na 27 a 2016, an sauko da shi can bayan ya rasa gurbinsa a sama, ya ci kofin gasar a 2017 kuma aka ba shi gwarzon wasan ƙarshe. Fred VanVleet ma da shi aka ci wannan kofin. Bayan shekara biyu su biyun suna cikin waɗanda suka ci wa Toronto kofin NBA.

Kusanci na taimakawa amma ba shi ne komai ba. Ƙaramar ƙungiyar Miami Heat tana Sioux Falls, can jihar Dakota ta Kudu, kuma duk da nisan ta fitar da Duncan Robinson. Abin da ya haɗa su shi ne kociyoyin sama da na ƙasa suna magana kullum.

Mataki na uku: aikin yini

Ranar da babu wasa, atisayen ƙungiya bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba, domin tafiye-tafiye na cin jiki. Ainihin ginin yana faruwa ne kafin atisayen da bayansa, minti 30 zuwa 45 na ɗan wasa shi kaɗai da kocin da aka ba shi.

A jifa, a ƙirga waɗanda suka shiga, kada a ƙirga waɗanda aka jefa. Tsari mai kyau ga ɗan gefe shi ne ya fara kusa da kwando da hannu ɗaya har 25 su shiga, don daidaita gwiwar hannu da sakin yatsu. Sannan ya fita wajen layi a wurare biyar, kusurwa biyu, gefe biyu da tsakiya, 20 su shiga a kowane wuri. Kusurwa ta fi cancantar ƙarin lokaci, domin layin NBA mita 7.24 ne daga kwando a sama amma mita 6.70 ne a kusurwa, kuma nan ne ake ajiye 'yan wasan da ba taurari ba. Bayan haka sai jifa cikin gudu da gajiya: ya ruga daga tsakiyar fili zuwa kusurwa, ya karɓa, ya jefa, koci na rugo masa da hannu a sama. Wanda ke ci 80 cikin 100 a tsaye babu mai tsaro yana iya faɗowa ƙasa da 30 a wasa, kuma dalilin kusan kullum ƙafa ce, bai shirya ta ba kafin ƙwallon ta iso.

Lissafin da ke bayan wannan naci mai sauƙi ne. Wanda ke cin 35 cikin 100 a jifa mai maki uku yana samar da maki 1.05 a kowane jifa. Wanda ke cin 45 cikin 100 daga tsaka-tsaki yana samar da 0.90 kacal. Houston ta gwada wannan tunanin ne a ƙaramar ƙungiyarta, Rio Grande Valley Vipers, wadda a kakar 2013-14 take jefa sama da 40 masu maki uku a wasa, tun kafin NBA ta karɓi salon.

Idan za a gyara salon jifan mutum baki ɗaya, a bari sai hutun kaka. Gyara a tsakiyar kaka na sa shi tunanin hannunsa a lokacin da ya kamata ya kalli kwando, sai lambobinsa su faɗi, ya koma tsohon salon, an yi asarar wata biyu.

Akwai kuma ɗabi'ar yanke hukunci cikin rabin daƙiƙa. Ƙwallo ta zo hannunka, ko ka jefa, ko ka kutsa, ko ka miƙa. Riƙe ta na daƙiƙa biyu ya isa masu tsaron NBA su koma wurarensu. Ana koyar da wannan da wasan mutum uku da uku a rabin fili, inda ba a yarda a buga ƙwallo a ƙasa fiye da sau biyu ba.

Tsaro ya fi komai saurin kai mutum sama, kuma shi aka fi raina wa. Wanda ya saba da dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, a nan zai tarar da dokar da ta hana mai tsaro zama cikin da'irar gaban kwando fiye da daƙiƙa uku idan ba wani yake tsarewa ba. Dogon da ya saba kafa sansani a ƙarƙashin kwando dole ya koyi fita da komawa. Dole kuma ya koyi tsalle a miƙe, hannuwa sama, ba tare da ya sauke su kan mai zuwa ba, in ba haka ba ƙeta shida za su fitar da shi kafin zango na huɗu.

Bidiyo kada ya yi tsawo. Gutsure 8 zuwa 12 na wasan jiya, minti 15, rabi abin da ya yi daidai rabi abin da ya kuskure. Koci ya tsayar da hoton kafin kuskuren ya tambaye shi me ya gani, domin wanda aka faɗa wa amsa yakan manta, wanda ya nemo ta da kansa ba ya mantawa. Ɗaga ƙarfe kuwa sau biyu ko uku a mako, gajere, yawanci bayan wasa don ranar hutu ta zama hutu na gaske.

Mataki na huɗu: mintuna, da haƙurin barin kuskure

Kakar tana da wasa 50, daga Nuwamba zuwa Maris, kowane wasa minti 48 kamar na NBA. Wanda ake son ginawa yana buƙatar minti 28 zuwa 34 a dare, a matsayin da zai buga a sama. Nan ne rigima ke tashi. Kocin ƙasa shi ma yana neman ci gaba, kuma cin wasa ne ke fito da sunansa. Idan babban kulob bai faɗa masa ƙarara cewa da ci gaban 'yan wasa za a auna shi ba, zai zaunar da yaro ɗan shekara 19 mai zubar da ƙwallo ya saka ɗan shekara 28 da ya san kan wasa. Kulob ɗin da suka gane suna ɗaukar ƙaramar ƙungiya a matsayin makarantar kociyoyi ma. Nick Nurse ya ci kofin gasar da Iowa a 2011 da Rio Grande Valley a 2013 kafin ya ci na NBA a 2019. Mark Daigneault ya yi shekara biyar a Oklahoma City Blue kafin ya ci kofin 2025 da Thunder.

Tsofaffin hannu biyu ko uku a ƙungiya wajibi ne duk da haka. Dogo ba zai koyi kutsawa bayan shinge ba idan babu mai raba ƙwallo da ya iya miƙa masa a kan lokaci. Wannan na daga cikin abin da ya wahalar da G League Ignite, ƙungiyar matasa da aka kafa a 2020, wadda ta fitar da Jalen Green da Jonathan Kuminga da Scoot Henderson. A kakarta ta ƙarshe matasa sun yi mata yawa, ta sha kashi sosai, kuma da jami'o'in Amurka suka fara barin ɗalibai su samu kuɗi da sunansu, sai aka rufe ta a 2024.

A lura da wasu dokokin da suka bambanta, domin suna shafar karanta lambobi. Tun 2019, wanda aka yi wa ƙeta jifa ɗaya yake yi a madadin biyu ko uku, kuma jifan na ɗauke da dukkan makin, sai a minti biyu na ƙarshen wasa da ƙarin lokaci ake komawa yadda aka saba. Saboda haka yawan jifan ƙeta a G League ba a kwatanta shi kai tsaye da na NBA.

Abin da ke lalata shirin

Na farko shi ne farautar maki. Wasan G League yana da sauri, tsaron bai kai na sama tsari ba, dogayen kirki sun yi ƙaranci, don haka cin maki 30 ba abin mamaki ba ne. Masu leƙen 'yan wasa sun san haka. Suna kallon ko ka koma gida da gudu bayan ka ɓarar, ko kana magana a tsaro, ko ka miƙa wa wanda ya fi ka sarari, har da yadda kake zama a benci bayan an cire ka.

Na biyu shi ne kai-komo marar tsari. Mai kwantiragin gida biyu na iya shafe mako uku yana bin babban kulob gari-gari bai buga minti ɗaya ba, kuma a tsakiyar kaka manya ba sa yin atisaye mai nauyi. Ya dawo ƙasa ƙafafunsa sun yi sanyi. Maganinsa shi ne a tsara jadawalin wata guda tun da wuri, a ware masa jerin wasanni biyar ko shida a jere a ƙasa.

Na uku jiki ne. Ana tafiya a jirgin haya da motar bas, ana tashi da asuba bayan wasan dare, mutum mai tsawon mita biyu na naɗe a kujerar talaka. Rashin barci da abincin kan hanya su ke kawo ciwon cinya da na gwiwa a watan Janairu da Fabrairu, daidai lokacin da ake kira. Da yawa kuma suna ɓoye ƙaramin rauni don tsoron rasa gurbi, har ya zama babba.

Lokacin kira

A watan Disamba ake yin Winter Showcase, inda dukkan ƙungiyoyi ke taruwa a gari ɗaya na 'yan kwanaki, jami'an kulob 30 na zaune suna kallo. An saka shi a nan ne saboda daga 5 ga Janairu ake fara ba da kwantiragin kwana goma. Kulob na iya ba mutum ɗaya irin wannan sau biyu a kaka, bayan haka ko ya sa masa hannu har ƙarshen kaka ko ya sake shi.

Kwana goma wasa uku ne zuwa biyar, kuma watakila mintunanka duka ba za su kai 20 ba. A daren farko ka nemi kocin bidiyo ya ba ka dabaru biyar da aka fi kira da kalmomin tsaro. Ka zo fili da wuri. Idan aka saka ka, ka yi abin da aka gan ka kana yi a ƙasa har aka kira ka. Gabe Vincent, wanda ke buga wa Najeriya, babu wanda ya zaɓe shi a 2018. Ya gina jifansa a Stockton Kings, Miami ta ba shi kwantiragin gida biyu a Janairun 2020, kuma a Yulin 2021 ya ci maki 21 lokacin da D'Tigers, ƙungiyar ƙasa ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas. A 2023 yana cikin biyar ɗin farko na Miami a wasan ƙarshe na NBA.

Ga matashin da ke Afirka, ƙofar gwajin gari ba ta da sauƙi, domin sai kana Amurka da takardun zama da suka halatta. Hanyoyin da suka fi tabbas su ne jami'ar Amurka, ko makarantar NBA Academy Africa da ke Saly a Senegal, ko BAL, gasar kulob-kulob na Afirka da aka fara a Kigali a 2021, wadda Rivers Hoopers da Kwara Falcons suka wakilci Najeriya a cikinta. Ulrich Chomche na Kamaru daga makarantar Saly kai tsaye aka zaɓe shi na 57 a 2024, ya sa hannu a kwantiragin gida biyu da Toronto. Mafi ƙarancin shekarun shiga G League 18 ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya saya maka gurbi ƙarya yake yi, kuma kafin ka sa hannu da wani wakili ka tabbatar yana da lasisin FIBA ko na ƙungiyar 'yan wasan NBA. Bidiyon da za ka aika kuma ya zama cikakken wasa biyu ko uku daga farko har ƙarshe, da lambar rigarka a rubuce, domin masu leƙe ba sa yanke hukunci da gutsuren da aka tace.